Umma Ba Ta Kwana a Kango

Jama'a, ku taya ni da addu'a, babban yatsana na hagu ya tashi daga aiki. Ranar Asabar da hantsi ina can saman tsani a ƙofar gidana, cizal a hannu ɗaya, 'yar guduma a ɗayan, ina ɓamɓare filastar da na yi da gumina, sai ga wata Baturiya mai yawo da kare ta tsaya ta ɗaga kai. Ta ce aikina yana kyau, wai ina ceto tarihi. Ta tambaye ni ko na san wane marar imani ne ya yi wa gidan nan wannan ta'asa. Na waiwaya zan ba ta amsa, guduma ta sauka inda ba a aike ta ba. Na haɗiye ihun, na ce mata ban san shi ba, amma na ji an ce mutumin kirki ne, uwarsa kawai yake tsoro. Ta girgiza kai ta ja karenta suka wuce, ni kuma na sa yatsa a baki ina tsotsa kamar ɗan yaye.

Marar imanin nan dai ni ne, Ubale, naku na kullum. Bari in faro muku daga tushe.

Waɗanda suka san ni a nan Greensboro sun san karatun noma na zo yi, na ƙare a tuƙin motar raba kaya. Ba laifi, aiki ne, kuma ya sa na san kowane lungu na garin. A yawon nan ne na ci karo da layin da nake zaune yanzu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son in ci gaba da zama a cikinsa. An ce wani attajirin masaƙa ne tun zamanin kakannin kakanni ya je yawon buɗe ido wani ƙauye a Ingila, ya ga wani ɗan gidan jan bulo ya shiga ransa. Maimakon ya ɗauki hoto ya dawo gida kamar mai hankali, sai ya saye shi, ya sa aka kwance shi bulo-bulo, aka loda a jirgin ruwa, aka zo nan aka sake ɗora shi yadda yake. Sauran gidajen layin kwaikwayonsa aka yi. Na ainihin, ɗan ƙaramin cikinsu, shi ne nawa.

Kada ku ce na yi arziki. Gidan ya daɗe a kasuwa ba mai so, ni kaɗai na ga banza na faɗi. Ƙofarsa gajera ce, duk mai tsawo sai ya yi ruku'u kafin ya shiga. Tagoginsa ƙanana, kowace an yanka gilashinta gutsi-gutsi kamar alewa. Bututun hayaƙinsa ya fi ɗakin kwanana girma. Bulon kuwa babu guda biyu da suka yi kama, wani ja, wani ya ƙone ya yi baƙi, wani ya karkace, an jera su ɗaya a kwance ɗaya ya ba da kai, ɗaya a kwance ɗaya ya ba da kai, har sama. Turawa in sun zo wucewa sai su tsaya su dafe ƙirji. Ni ma da farko nakan fito in tsaya kusa da su in dafe nawa, don kada a ce mai gidan bai san abin da ya mallaka ba.

Ana nan lafiya lau sai bizar Umma ta fito. Mahaifiyata ke nan, tana Ɗambatta, ba ta taɓa zuwa ƙasar nan ba, kuma da irin ciwon gwiwar da take fama da shi ban sa ran za ta yi zuwa na biyu ba. Murna ta sa na kira ta ta bidiyo, na fita tsakiyar titi na juya wayar don ta ga inda za ta sauka. Na tsaya ina jiran kabbara. Ita kuwa ta ƙura wa wayar ido.

"Ubale," ta ce, "matsar da wayar in ga gidan."

"Ai shi ne wannan, Umma."

"A'a, wanda kuke ciki nake nufi."

Na ce shi ne dai. Sai na ji ta ja salati a hankali, irin wanda take ja in an kawo labarin rasuwa. Ta ce ashe duk shekarun nan a kango nake zaune da 'yar mutane da jikarta, ban taɓa faɗa ba. Ta ce ko Malam Hamidu mai faci da ke bayan gidanmu ya yi wa nasa filasta bara, har da fenti. Na ce Umma, gidan tarihi ne, haka Turawa suke son sa. Ta ce Turawa ne suka haife ni? Na ce ya fi shekara ɗari biyu a haka. Ta ce innalillahi, shekara ɗari biyu ba a samu mai zuciyar da zai ƙarasa shi ba?

Ku da kuka tashi inda na tashi kun san ba ta faɗi ƙarya ba. A wajenmu bulo tsirara ma'anarsa ɗaya ce: mai gida ya gaza. Ko dai kuɗi sun yanke, ko mutuwa ta yanke, ko 'yan gado suna kotu. Babu wanda yake kallon bangon da ba shafe ya ce kai, dubi kyau. Jajantawa ake yi.

Daga nan ta yanke hukunci. Ta ce ita dai ba ta taɓa kwana a kango ba, ba kuma za ta fara da tsufanta a ƙasar mutane ba. In ta zo, gidan Badaru za ta sauka, in riƙa zuwa ina gaishe ta.

Badaru! Ɗan ƙaninta ne, taubashina, wanda tun muna yara yake kirana bawansa. Yana can Summerfield a wani farin gida mai faɗi, da ciyawa shimfiɗe har inda ido ya gaji, maƙwabtansa dawaki. Bangon gidansa in ka ƙwanƙwasa roba ce, amma fari ne tas, kuma a waya yana fitowa kamar fadar shugaban ƙasa. Ku auna mini wannan: uwata, wadda ta haife ni, ta ƙetaro teku ta wuce ƙofar gidana ta je ta sauka gidan ɗan ƙaninta. Kafin ta kwance jaka labari ya isa Ɗambatta. A masallacin Juma'a na nan kuwa ba sai an faɗa ba, kallo kawai ya isa. Wallahi abinci ya daina yi mini daɗi.

Matata Sa'ida ta ce, "Baban Mubina, ka dai san dokar layin nan. Ba a taɓa wajen gida sai kwamiti ya yarda."

Na sani sarai. Akwai wani kwamitin amintattu da attajirin nan ya bari a layin, suna gadon kujerun tun daga lokacin, kuma dokarsu ita ce ba a canza komai a fuskar gida sai da izininsu. Amma ni mai digiri ne, sai na zauna na yi nazari. Na ce mata doka ta hana canzawa, ba ta hana ƙarasawa ba. Turawan Ingila sun fara gini, wani uzuri ya taso musu, ba su samu sun yi shafe ba. Ni zan rufa musu asiri. Sa'ida ta dube ni ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da take cewa haka in na ce zan gyara famfo da kaina.

Na tuntuɓi magina na nan, duk wanda na faɗa wa sunan layin sai ya ce yana da aiki har baɗi. Sai na tuna mu ba marayu ba ne, muna da gayya. Bayan sallar Juma'a na tsaya a bakin masallaci na yi shela: gobe akwai aikin gayya a gidan Ubale, Sa'ida za ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina gaya muku, rabon da in ga Hausawan Greensboro sun amsa kira da sauri haka tun ranar da aka ce wani ya yanka sa a McLeansville. Masu digiri na uku, ma'aikatan asibiti, direbobi 'yan'uwana, kowa ya zo da tsohon wando. Abdoul-Aziz, wani ɗan Damagaram da ke karatun injiniya, shi ya zama shugaban aiki, saboda ya ce yana yaro ya sha kai wa kawunsa birkila abinci a wajen gini.

"Bon," ya ce da Faransancinsu na can, yana shafa bangon, "wannan bulon ya sha wahala. Dubi abin da suka sa a tsakani, farar ƙasa ce kawai, da farce ma tana fita. Siminti mai ƙarfi za mu ba shi, voilà, ya huta."

Aka kwaɓa siminti a kan hanyar shiga mota. Masu baro na turawa, masu cokali na yaɓawa, wani ya kunna waƙa a mota, ana ta tsiya da dariya kamar a gida. Fuskar gidan kawai muka nufa, don ita ce take fitowa a waya, ita ce kuma Umma za ta fara gani. Na riga na sayi fenti ruwan ƙwai, da ruwan ƙasa na zagaye gindin bango. Ina tsaye ina kallon jan bulon nan yana ɓacewa a ƙarƙashin shafe mai santsi, wallahi har ƙwalla ta taru mini. Na ce yau dai na zama mutum. Kafin la'asar mun shafe daga ƙasa har saman tagogi, muka zauna a kan ciyawa muka buɗe kulolin tuwo.

Loma ta biyu ce a hannuna muka ji ƙara. Wata dattijuwa ce daga gidan da ke kallon nawa, ta dawo daga unguwa, ta fito daga mota ta tsaya ta kama kai da hannu biyu. Na ɗauka an yi mata rasuwa ne, har na miƙe zan yi mata ta'aziyya. Ashe ita ce shugabar kwamitin. Ni a wannan shafin Mai Girma Uwar Bulo zan kira ta, Allah ya ja zamaninta. Ta tako har gaban bangon, ta miƙa hannu ta taɓa simintin da ya riga ya fara kamawa. Abdoul-Aziz, bawan Allah, ya ɗauka yabawa take yi, ya matso da fara'a ya ce mata saura fenti. Ya kuma miƙa mata kwanon tuwo.

Aka kira ni zama. A wani ɗaki suke taruwa a bayan tsohon cocin layin, da shayi da biskit a kan tebur. Ga Mai Girma Uwar Bulo a tsakiya. A damanta Sarkin Tagogi, wani dogo mai tabarau, wanda aka ce ya taɓa hana wani maƙwabci barci wata da watanni a kan launin labulen da ake hangowa daga waje. A hagunta Galadiman Bututun Hayaƙi, wanda tun da aka fara zaman idonsa a rufe yake, sai in an ambaci hayaƙi ya buɗe. Na saka babbar rigata ta Sallah, don in za a yanka mutum gara a same shi da mutunci.

Kafin a zo kaina sai da aka yi sauran ajanda, kuma a nan na gane manya duk inda suke 'yan uwa ɗaya ne. Akwai fitilar titi a ƙarshen layinmu da ta mutu tun Mubina tana rarrafe, yanzu ga ta tana zuwa makaranta. Ba kuɗin gyara ne babu ba. Ba a dai cimma matsaya ba ne a kan wace irin fitila ce ta dace da tarihi. An kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin kwamitin ya tura tawaga har Ingila, ƙauyen da aka kwaso gidana, don su ga irin fitilun can da idonsu. Suka dawo da hotuna da gwangwanayen shayi da rahoton cewa ƙauyen ba shi da fitilar titi ko ɗaya. Yanzu ana nazarin ko duhun ne ya fi dacewa da tarihi. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, kamar na ji ƙanshin girkin gida. Na ce ashe ban yi nisa ba. Bambancin kawai, namu manyan in sun tafi ƙasar waje nazarin yadda za a kawo ƙarshen layin man fetur, ba sa dawowa da ko shayin.

Da aka zo kaina na miƙe na gyara riga. Na ce ranku ya daɗe, ni ban canza komai ba, ƙarasawa na yi. Na ce a garinmu in ɗan'uwanka ya fara gini ya kasa, kai da Allah ya hore wa sai ka shafe masa, ba ka tsaya kana nuna wa baƙi gazawarsa ba. Na ce shekara ɗari biyu mutanen nan suna cikin kunya, ni na fitar da su. Sarkin Tagogi ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake kallona ko zan canza.

Sai Uwar Bulo ta yi magana, a hankali, kamar mai lallashin marar lafiya. Ta ce bulon nan da hannu aka buga shi, ɗaya bayan ɗaya, aka gasa da itace, shi ya sa babu biyu masu kama. Ta ce akwai wanda har shatin yatsan mai bugawar yana jiki, kusa da ƙofa, kuma na binne shi. Ta ce farar ƙasar da Abdoul-Aziz ya raina da gangan aka sa ta, don bulon yana shan ruwa yana fitarwa, numfashi yake yi. Siminti zai toshe shi, damshi ya taru a ciki, sanyin hunturu ya zo ya farfasa shi. Ta ce, "Malam Ubale, ka shaƙe shi."

Jama'a, na yi tsuru-tsuru. Ni dai na san mutum yana numfashi, akuya tana numfashi. Na taɓa yini a layin mai a Kano cikin rana, mutane na faɗuwa, ban ga wanda ya zo ya tambaya ko muna numfashi ba. Yau ga ni a gaban manya uku da shayinsu ana tuhumata da shaƙe bulo. Kuma abin haushin, yadda ta faɗe shi sai da na ji tausayin bulon ya kama ni. Har na fara tunanin ko yana can yana kiran sunana.

Hukunci ya fito: in cire filastar gaba ɗaya. Ba da inji ba, don inji zai ji wa bulo ciwo. Da hannu, da ƙaramar cizal, a hankali, in na kusa bulon in koma burushi. Uwar Bulo za ta riƙa leƙowa kullum tana duba lafiyarsa. In na ƙi, akwai kotu. Na roƙi arziki a bar ni ko da wata biyu ne, uwata ta zo ta gani ta koma, in ya so in ɓamɓare. Suka ce za su kafa ƙaramin kwamiti ya duba roƙona, zai ba da amsa a zaman bazara. Galadiman Bututun Hayaƙi ya buɗe ido ya ce ya goyi baya, ya mayar ya rufe.

Na koma masallaci na sake shelar gayya. Ikon Allah, ashe duk Hausawan garin nan aiki ya yi musu yawa. Wannan ya ce yana da night shift, aikin dare ke nan, wancan ya ce supervisor ɗinsa ya sa shi gaba. Abdoul-Aziz ya dafa kafaɗata ya ce, "Bon, Malam Ubale, ni injiniyan ɗorawa ne, cirewa wani fanni ne daban." Na ce har da tuwo fa. Ya ce yana rage ƙiba. Haka na rage ni kaɗai a kan tsani, in na dawo daga raba kaya in hau, ina ƙwanƙwasa kamar mai sassaƙa turmi. Simintin nan kuwa, Allah ya isa tsakanina da ƙarfinsa, ya riƙe bulon kamar ya samu ɗan'uwansa da ya ɓata.

Ranar Asabar ɗin da na fasa yatsa ita ce ranar saukar Umma. Da na sauko daga tsani na ja baya na dubi gidan. Da can kango ne mai mutunci. Yanzu rabi toka-toka, rabi ja, da tabo-tabo ko'ina kamar mai ƙyanda, ga tarin ɓaraguzai a gindin bango. Sa'ida ta fito ta tsaya kusa da ni ta duba, ta ɗaure mini yatsan da bandeji.

Da motar Badaru muka je filin jirgi, don tawa ba ta ɗaukar akwatunan mai zuwa daga gida. Tun a hanya yake zuba: ya sa an gyara wa Gwaggo ɗakin ƙasa saboda gwiwarta, ya sayi sabuwar katifa, matarsa ta yi funkaso. "Kai kuma bawana," ya ce, "ka riƙa zuwa da wuri, muna rufe gate da magariba." Na yi dariyar da ta tsaya a haƙori.

Umma ta fito a keken da ma'aikatan jirgi ke tura tsofaffi, ta ƙanƙance fiye da yadda waya ke nuna mini. Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Da muka shiga mota Badaru ya ce, "Gwaggo, Summerfield muka nufa ko?" Ta ce a fara biyawa ta ga jikarta, ta kuma ga abin nan da idonta.

Muna shan kwanar layin na hango Mai Girma Uwar Bulo a ƙofar gidana, ta sunkuya tana shafa wani bulo da ɗan burushi. Badaru ya tsayar da mota ya kashe, don ya san kallo zai yi daɗi. Umma ta fito da sandarta, ta tsaya. Ta dubi bangon daga ƙasa har bututun hayaƙi. Ta dubi tsanin, ta dubi ɓaraguzan, ta dubi yatsana.

"Wanda ka fara ɗin ma cirewa kake yi?"

"Hukuma ce ta ce in cire, Umma."

"Bashi ka ci na simintin?"

Na rantse mata ba bashi ba ne. Uwar Bulo ta matso da fara'arta, Sa'ida ta tsaya tsakani tana fassara. Baiwar Allah ta yi bayani tiryan-tiryan: jirgin ruwa, bugun hannu, numfashi, har ta kama hannun Umma ta kai shi kan bulon nan mai shatin yatsa, wanda na tono shekaranjiya. Umma ta sa nata yatsan a gurbin. Ta tambaya ko da gaske akwai mutanen da ba su da aiki sai gadin bulon nan, suna zuwa kullum suna duba lafiyarsa. Aka ce mata ƙwarai. Ta ce, "To, Allah ya ba mu tsufa irin na bulo." Sa'ida ta fassara wa Baturiyar cewa Umma ta ce gidan ya burge ta.

Muka shiga ciki. Umma ta wuce ta ƙofar nan a miƙe, ko ɗankwalinta bai taɓa ba. Badaru ya biyo ta yana waya, goshinsa ya gamu da katakon sama, ƙau! Allah ya yafe mini, wannan ne abu na farko da ya faranta mini rai a watan. Ta zauna, ta rungumi Mubina, ta sha ruwa, ta bi ɗakunan da kallo. Badaru yana murza goshi yana duba agogo, ya ce Gwaggo mu tafi kada funkaso ya huce. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon bandeji, na riga na saduda.

"Badaru," ta ce, "shigo mini da akwatunana."

Ya ce, "Nan, Gwaggo? Ke da kika ce ba kya kwana a kango?"

"Na faɗa. Kai ka gama naka, Allah ya sa albarka, ba abin da zan yi maka a can. Wannan kuwa dubi yadda ya koma. Gemu da furfura, gida ya gagare shi, Turawa sun sa shi gaba, ga yatsa ya fasa. In tafi in bar shi da wa?"

Na buɗe baki zan ce Umma ba haka ba ne, gidan tarihi ne, mutane har hoto suke zuwa ɗauka. Sai na fasa. Na tashi na fita na taya Badaru sauke kaya, na fi shi saurin ɗauka, da yatsan nawa da komai.

Yanzu haka da nake rubutun nan tana zaune a kan kujera a ƙofar gida, ta lulluɓe da bargo, tana kallona in na hau tsani, tana cewa in yi a hankali. Ta riga ta kira Ɗambatta gida-gida ta shaida musu cewa a kangon Ubale ta sauka, a taya shi da addu'a, abin nasa sai a hankali. Malam Hamidu mai faci ya aiko a gaya mini kada in karaya, shi ma haka ya fara. Mutuncin da na yi gayya don in tsare ya tafi gaba ɗaya, ko ɓaraguzansa ban tsinta ba. Amma da safe in na fito, muryarta nake fara ji tana lazimi a ɗakin da ke kusa da nawa.

Saboda haka ina miƙa godiya ta musamman ga Mai Girma Uwar Bulo da Sarkin Tagogi da Galadima, in ya farka a isar masa. Na kuma janye roƙon da na shigar gaban ƙaramin kwamiti. Jiya Uwar Bulo ta ce mini hannuna ya yi nauyi, a yadda nake tafiya aikin nan zai kai ni hunturu. Na ce mata ranki ya daɗe, bulo ne fa mai numfashi, ba a yi masa gaggawa.